Kitson kwana uku

Ku matso, ku ara mini kunnenku. Wannan ba a bakin kowa na ji shi ba, a kan cinyata ya faru.

Ni dai kitso na sani. Da shi na tsufa a unguwar Kirkissoye, ƙetaren kogi. Abin da ya koya mini shi ne, mutum ba ya faɗin abin da ke cinsa in kana kallon idonsa. Sai ya ba ka ƙeya, kansa na hannunka, sannan bakinsa yake buɗewa.

Muna da maƙwabciya, Kirista, mutuniyar Dogon Dutsi, malamar likita ce a sashen yara. Rana ɗaya ta daina zuwa aiki. Sati biyu ba ta hau kadarko ta ƙetara asibiti ba, har aka aiko mata takarda: in ba ta dawo ran Litinin ba, a ba wata gurbinta. Maigidanta, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya tambaye ta, fasto ya zo ya tambaye ta, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau."

Ran Alhamis na leƙa, na ce, "Ɗiyata, wannan kai naki ko kaza ta ƙi kwana a ciki. Taso."

Ta ce, "Inna, ke dai ba ki barin mutum ya huta."

Ta taso. Na tsefe, na tsaga ƙanana ƙanana, irin kitson da ba ya ƙarewa da wuri. Ban tambaye ta kome ba. Can wajen la'asar, tana kallon ƙasa, ta ce, "Inna, na kashe ɗan mutane. Na yi masa allura, bai kai magariba ba."

Hannuna bai tsaya ba. Na ce, "Yatsuna sun gaji. Ki dawo gobe."

Ran Juma'a ta sake faɗa mini, tun daga farko. Amma yanzu akwai kwana biyar da yaron ya yi da zazzaɓi a ƙauye kafin a kawo shi, akwai babban likita da ya duba shi ya girgiza kai. Jiya duk wannan babu. Ba ɓoyewa ta yi ba, zuciyarta ce ta riƙe allurar kaɗai ta saki sauran.

Ran Asabar saura layi huɗu a ƙeya. Ta kai labarin inda take tsayawa kullum, sai ta wuce. Ta ce uwar yaron, da za su tafi, ta kama hannunta biyu ta yi mata godiya da Zabarmanci, wai ita kaɗai ta zauna kusa da shi.

Ta ɗago kai. Ta ce, "Ya aka yi na manta wannan?"

Na ce, "Sunkuya, kina karkata mini tsaga."

Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce na cika mugunta. Ran Litinin da safe na ji tana tsai da taksi a bakin hanya.

Ita tana nan a sashen yara har yau, ƙananan ma'aikata na ce mata Mama. Maigidanta ya aje aiki, ya koma Maraɗi yana noman rani, yana zuwa ƙarshen wata. Fasto an mai da shi wani gari. Uwar yaron ban taɓa ganinta ba, Allah ya ba ta haƙuri. Ni kuwa yatsun sun ƙi lanƙwasa, na bar wa jikata tsinken kitson.