Agogon Da Ya Ƙirga Dakan Da Na Yi a Ɓoye

Ni mai haɗa turaren wuta ce a Tudun Wada, kuma a lokacin mace ce ni da ba a gaya mata ta ji. Shekaru na yi hancina a toshe, har ta kai ba na jin ƙamshin abin da nake haɗawa, sai in miƙa wa maƙwabciya ta sunsuna mini. Abin kunya, mai turare ba hanci! Da likita ya ce nama ne ya tsiro a ciki, aka yi mini aiki aka cire. Ya ja kunnena: ban da duƙawa, ban da aikin ƙarfi, salla ma a zaune, in ba haka ba jini zai ɓalle, ƙamshin kuma yana iya tafiya ke nan.

Ɗiyata da ke aure a Minanata ta ɗaura mini agogon nan mai ƙirga taku da bugun zuciya, ta haɗa shi da wayarta. Na yi dariya, na ce ko zaure ba zan leƙa ba. Amma akwai turaren wata amarya da na yi wa alkawari. Na ce a raina ai daka ba tafiya ba ce. Na jawo turmi na zuba kayan haɗin turare, hawi da farce, na duƙufa tun hantsi.

Kafin azahar sai ga ɗiyata a fusace, tana tambayar ina na je, wai agogo ya nuna kamar na taka har Dundaye na dawo. Na rantse ban fita ba, kuma gaskiya na faɗa. Ashe duk ɗaga taɓarya da na yi, taku ya ɗauke shi. Ta nuna mini yadda zuciyata ta yi ta hawa daidai lokacin dakan. Ikon Allah! Ina cikin kallon wayar jini ya ɗigo daga hancina a kan zanena.

Aka koma da ni asibiti aka sake cusa mini auduga a hanci. Na yi makonni ina kuka a ɓoye, ina ganin na kashe sana'ata da hannuna. Wata safiya sai ƙamshin daddawa ya shigo mini daga tukunyar maƙwabta. Na zauna ina shaƙa kamar almiski.

Har yau abin yana ba ni tsoro. Ɗan agogon da mutum ya ƙera bai bar mini wurin ɓuya ba, ina ga masu rubutun da ke kafaɗuna? Ƴan uwana, wanda aka yi wa aiki aka ce ya huta, ya huta, kada ya tsaya neman ƙofar da likita ya manta bai rufe ba. Ni na nema na samu, saura kaɗan in mutu ban sake jin ƙamshin turarena ba.