Jan Soɓorodon Iya a Kan Dutse

A duk ƙasar Roni babu kakar da ta kai Iya iya tatsuniya, kuma babu wadda ta kai ta rowar gyaɗa. Idan kaka ta yi, an gama sallar isha, sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi ya riƙa tashi a hankali kamar bai san inda zai je ba, taurari su sauko ƙasa-ƙasa har ina jin da zan hau katanga sai na tsinko ɗaya. Ni take kira maigida, saboda wasan jika da kaka.

"Maigida marar cefane," in ji ta, "janye hannunka daga tokar nan kafin in kai ƙararka."

A shekarar da nake aji uku na firamare, autanta Kawu Habu yana koyon tuƙin jirgin yaƙi. Da ya zo hutu ya nuna mana hoton jirgin a waya. Ni na zaci zan ga abu mai walƙiya kamar sabuwar langa, sai na ga bayansa dabbare-dabbare, nan ruwan ƙasa, nan kore, nan launin yashi, kamar wanda akuyoyi suka kwana a kansa. Cikinsa kuwa toka-toka mai ɗan shuɗi.

Kawu ya ce da gangan aka yi. Wanda ke sama da kai idan ya leƙo, sai ya ɗauka gona ce. Wanda ke ƙasa idan ya ɗaga kai, sai ya ɗauka sararin sama ne.

Iya ta daɗe tana kallon hoton. "To ni ta yaya zan gan ka?"

"Ai dalilin fentin ke nan, Iya, kada a gan mu."

"Ni na haife ka, ni kuma za a ɓoye wa?"

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Bayan ya koma, wata rana ya bugo waya ya ce gobe da hantsi atisayensu zai biyo ta kan duwatsun Kazaure, ya ratsa ta wajenmu ya yi Babura. Daren nan Iya ta manta da gyaɗarta har ta ƙone, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka halicci gyaɗa. Sai can ta gyara zama.

"Na kamo wata tatsuniya a hanya. In sake ta?"

"Sake ta mu tare!" muka amsa.

Ta ce wai an yi wata tsuntsuwa mai ɗa guda, fari fat kamar auduga. Idan ya tashi, yara masu danƙo su hango shi daga ƙasa, shaho ya hango shi daga sama. Uwar ta kasa barci. Sai ta kai shi wurin wata tsohuwa mai rini da ke bayan gari, wadda take da karofi biyu. A ɗaya ta jiƙa sararin safiya, a ɗaya ta jiƙa gonar da aka gama girbewa. Tsohuwa ta tsoma cikin ɗan tsuntsu a na farko, ta tsoma bayansa a na biyu. Ya tashi, ya ɓace. Yara suka nemi abin harbi suka rasa, shaho ya kwana da yunwa.

"Uwar ta yi ta murna," in ji Iya, tana tona wuta da kara, "har zuwa la'asar. Sannan ta ɗaga kai ta nemi ɗanta, ita ma ba ta gan shi ba."

Wai yana kiran ta, amma saboda gudunsa, kafin muryar ta iso ya riga ya wuce. Ta duba inda kukan yake, babu kowa. Shi ma idan ya leƙo, duk bishiyoyi iri ɗaya ne, bai san wadda uwarsa take kai ba. Sai ta koma wurin tsohuwa ta ce a rina ta ja wur. Tsohuwa ta ce, ke kuwa kin san kowane mai danƙo zai hango ki? Ta ce ta sani, a rina ta. Ta hau ƙololuwar kuka ta zauna, ja kamar garwashi.

"Ya gan ta?" ƙanwata Bilki ta tambaya.

"Barci ya zo," in ji Iya. "Na mayar da ita inda na kamo ta."

Na yi mita har na gaji. A barcina na ga jirage suna iyo a cikin karofi, Kawu yana leƙowa ta taga da gashin tsuntsu a ka.

Da sassafe Iya ta tashe ni da ɗan bugun carbinta a goshina. Ta sa muka kwashe duk soɓorodon da ta noma a bana, buhu bayan buhu, muka hau da shi kan shimfiɗaɗɗen dutsen da ke bayan gidanmu. Ba ta tsaya nan ba, ta aro barkonon maƙwabciyarmu, ta ƙara da jan zanenta na zuwa biki. Umma ta ce, "Iya, akuyoyi za su cinye miki amfanin shekara." Iya ta ce maigida yana nan, yau zai yi amfanin farko a rayuwarsa. Ta kuma gargaɗe mu: duk wanda ya faɗa wa Habu a waya, shi da gyaɗarta har abada.

Ranar na yi yaƙi da akuyoyin Roni da na Gwiwa, har da wasu da nake zargin daga Nijar suka yi hayar mota. Barkono ya sa ni atishawar da ta kusa ture ni daga dutsen. Iya kuwa tana zaune a tsakiyar jan nan, hannu a goshi, tana kallon sama.

Sai ƙasa ta yi rawa. Ƙara ta tsaga sama, kaji suka shige rumbu, na faɗi a kan barkono. Muka ɗaga kai inda ƙarar take, babu komai sai shuɗi. Bilki ce ta hango wasu abubuwa biyu can gaba, siraran inuwa, suna narkewa cikin gajimare. Iya ba ta ga ko da wannan ba. Ta sauke hannunta, ta fara tattara soɓorodo. Ban taɓa jin dutsen nan ya yi shiru haka ba.

Da magariba wayar Umma ta yi ƙara. Muryar Kawu ta cika tsakar gida.

"Ku fa kun fi mu iya ɓuya. Gidajen ƙasa, katangar ƙasa, na kusa wuce garin ban sani ba. Amma wai wane ne ya shanya jan abu a dutsen bayan gida? Kamar lalle a tafin hannu."

Iya ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe, idonta cike da hawaye, sai ta ce, "Wutar ce ta sa min hayaƙi." Ko kara ɗaya ba a kunna ba tukuna. Daren nan ta raba gyaɗa da hannu biyu, na ci har na ji tsoro.

Yanzu na kusa gama sakandare. A da ina ɗaukar tatsuniyar a kan dabarar ɓuya ce, har ina tunanin in shafa toka in ɓace wa aiken Umma. Daga baya na lura cewa a labarin ɗan kawai aka ɓoye. Uwar ta zaɓi kowa ya gan ta, da mai danƙo da shaho, don dai ɗanta ya san inda gida yake.

Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yanzu ita ce ta shiga launin ƙasa, duk yadda muka duba ba ma ganin ta. Kawu an mayar da shi nesa, ba mu san ranar da zai sake bi ta samanmu ba. Amma duk kaka, idan Umma ta ce in shanya soɓorodo a tabarma a tsakar gida, sai in ɗora buhun a ka in hau dutse. Ina korar akuyoyi, duk ƙarar da na ji a sama kuma sai in kalli gabanta.