Ranar da Yaya Ta Wanke Fuska

Yayar mijina tana sayar da mayukan shafawa a kasuwar Dembe. A wani taron suna, gaban mata, ta kama haɓar 'yata ta juya ta dama da hagu, ta ce, "Wannan ƙurajen ƙazanta ne. Uwarki ba ta koya miki wanka ba?" Aka yi dariya. Yarinyar ta daina cire mayafi daga fuskarta, har a cikin gida. Na ajiye maganar a raina.

Da farko na nemi asibitin da ake ɗaukar hoton fata. Bayan haka na tambayi ƙa'idarsu: kafin a sa kai cikin akwatin hoton, dole a wanke fuska tas, ba hoda, ba mai. Sannan na je rumfar Yaya na ce, "Ke kika san fata, ki raka mu." Ta zo har unguwarmu Gassi ta ɗauke mu, tana ƙamshi.

Likitar ta fara da 'yata. Wani shuɗin haske ya kama, fuskarta ta fito a allo da ɗigo-ɗigo ja a goshi da hanci. Ta duba, ta ce ƙurajen matsakaita ne, na balaga, ba ruwansu da wanka, kuma suna jin magani.

Sai na ce, "Likita, ga gwaggonta. A nuna wa yarinya yadda fata mai tsabta take."

Yaya ta ce, "Ni? A'a, ina sauri."

"Haba Yaya, ai koyi za ta yi da ke."

Tun da na shigo gidansu ban taɓa ganinta ba hoda ba. Ni na riƙe mata sabulu. Ni na miƙa tawul.

Hoton ya fito dabbare-dabbare, baƙi a kumatu, jijiyoyi kamar zare, ga ƙananan ƙuraje jere a haɓa. Likitar ta tambaya a hankali wane mai Yaya take shafawa. Ni na faɗa, har da launin kwalbar.

A motar komawa Yaya ta ja mayafi har hanci. 'Yata kuwa nata yana kafaɗa, tana kallon titi.

Yaya ta raɗa mini, "Kalas, ya isa haka, maganar nan ta tsaya nan."

Na ce, "Akwai suna ranar Asabar, Yaya. Ki fara gaya wa matan ƙurajen ba ƙazanta ba ne, sai in duba."