Kebul Biyu, Direba Ɗaya

Ranar rigakafin yara ce aka kira ni wani ƙaramin asibiti a yankin Basirka, inda nake kula da na'urorin sola. Firjin alluran ya yi ta ƙara tun Lahadi, jami'ar da ke riƙe da wurin kuma ta ce ba za ta tsira wa ɗan kowa allura ba sai ta tabbatar sanyi bai yanke ba. Ban ga laifinta ba.

Aikin ba wuya, a tunanina. Kebul ɗaya daga ma'aunin sanyin firji, ɗaya daga inbata, na'urar da ke ba firjin wutar sola, duka a soka a USB ɗin kwamfutata, a karanta. Na soka na firji, ya hau. Ina soka na inbata, na farkon ya ɓace, sai wata alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a gefen sunansa. Ashe na firjin jabu ne, tsohon direba kawai yake ji, wato 'yar manhajar da kwamfuta ke gane kebul da ita. Ɗan'uwansa kuwa sai sabo. Kwamfutar ta dage iri ɗaya ne, direba ɗaya za ta ba su.

Na sa tsohon, na kashe na kunna, ta mayar da sabon da kanta, ba wanda ya aike ta. Na sake ramin USB. Na goge, na sake sawa. Har na hau dakalin rijiya ina ɗaga waya sama don neman sabis, gumi na zubo min kamar mai huɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A rumfa mata sun cika da goyo, wasu tun daga Farin Dutse a kan babur. Jami'ar ta leƙo.

"Malam, yaya dai? Yaran nan sun fara galabaita."

"Saura kaɗan, Hajiya."

Na yi ta faɗin haka har na ji kunyar bakina. Da rana ta take, jami'ar ta fita ta ba matan haƙuri, ta ce sai wani makon. Wata ta ce ita da wuya ta dawo, shuka ta kama.

Sai bayan azahar na haƙura da inbatan, na tsige kebul ɗinsa, na goge duk abin da ya shafe shi. Bayanin firji ya fito tas. Sanyi bai taɓa yankewa ba, alluran lafiyarsu ƙalau. Na fito da sauri in faɗa, na tarar ana naɗe tabarmi.