Jigon da Baba Ya Sare

A tsakar gidanmu, a wani ƙauye kudu da Tudun Wada, akwai jigo. Itacen dashi ne mai reshe biyu da kakanninmu suka kafa, a gindinsa ake yanka wa iskokin gida kaza. Shekarar da Baba ya karɓi bishara aka yi masa baftisma, ya sa gatari ya sare shi daidai ƙasa, mutanen majami'a suna waƙa. Bai tone saiwar ba, ya ce ta mutu. Amma dashi ba ya mutuwa haka. Kowace damina sai kututturen ya yi toho, Baba ya karye, ya sake yi.

Ina 'yar shekara tara ko goma ƙyanda ta kama ƙanwata. Jikinta ya yi zafi, idanunta suka rufe, ta daina karɓar ko da ruwan koko. Dangin Baba da ba su bi bishara ba suka riƙa zuwa dubiya, kowa in zai fita sai ya dubi kututturen ya girgiza kai. Suka ce masu jigo ne suke jin yunwa. Baba ya ce a gidansa Yesu kaɗai ake kira.

Wata rana da tsakar rana na dawo daga rijiya. Gidan shiru, ko kaji ba sa motsi. Na tarar da Baba a tsugune gaban kututturen, ya take fikafikan jan zakara da ƙafa, wuƙa a hannunsa. Bakinsa yana motsi da wasu kalmomi da ban taɓa ji ba, irin na tsofaffi. Fuskar tasa ce, amma mutumin da ke cikinta ban san shi ba. Na kira shi bai ji ba.

Inna ta fito daga ɗakin marar lafiya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Maigida, in ka ba su wannan, gobe me za su roƙa?"

Ya ɗago kamar wanda aka tasa daga barci. Ya dubi wuƙar, ya dubi zakaran.

"Ban san lokacin da na ɗauko ta ba," in ji shi. "Addu'a na fito yi."

Wannan maganar ta fi wuƙar ba ni tsoro, har yau. Ba ƙarya yake yi ba. Mutum ne mai tashe mu addu'a kullum, ga shi hannunsa ya tuna abin da bakinsa ya rantse ya bari.

Ya ɗage ƙafa, zakaran ya gudu. Ya ɗauko fartanya ya fara tono, yana kuka yana roƙon gafara. Saiwar ba ta tsaya inda muke zato ba. Ta bi ƙarƙashin ƙasa ta ratsa tsakar gida, har ta shige ƙarƙashin ƙofar ɗakinsa. Sai da ya fasa daɓen.

Ƙanwata ta tashi, da ɗan fari a idon hagu. A majami'a aka riƙa yaba ƙarfin bangaskiyar Baba, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce a dai ci gaba da yi masa addu'a. Bai ƙara yanka kaza da hannunsa ba. Kuma har ya tsufa, in ruwan farko ya sauka, sai ka gan shi a bakin ƙofarsa a durƙushe, yana shafa ƙasa da tafin hannu, ko zai ji toho.