Gonar da Na Raya wa Wani

Mu shida muka raba gonar mahaifinmu a ƙauyenmu na wajen Kiru, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Abin da ya zo hannuna, in ka yi atishawa a wannan iyaka, na waccan iyakar zai amsa maka. Ga mata, ga 'ya'ya biyu, ga tsohuwata a ɗakinta. Dole na je na durƙusa gaban wani dattijon unguwarmu, abokin marigayi babana, na roƙi aron gona.

Ya ba ni, ban raina ba. Amma wace irin gona! Shekara da shekaru dawa ke bin dawa a cikinta, har ƙasar ta gaji ta yi fari. Daminar farko ni ma dawar na shuka, don yunwa ba ta jin shawara. Wuta-wuta ta fito ta baza furenta, ta shanye dawar tun tana iya gwiwa. Dami huɗu na ɗaure, ɗaya na kai wa mai gona na godiya.

Zuciya ta ɗebe ni, na rantse sai na tayar da gonar nan. Da rani ni da jakina muka zama abin kallo, mangala bayan mangala: toka, kashin awaki, sharar gida, har jujin maƙwabta na kwashe, suna yi mini tsiya wai an naɗa ni sarkin juji. Na lallaɓi wani Bafulatani da 'yar dawar da ta rage mana, shanunsa suka yi wata guda suna kwana a ciki. Damina biyu ban jefa mata ƙwayar dawa ba, gyaɗa na sa, sannan wake. Da malamin gona ya kawo farin takin nan na Turawa, mutane na gudunsa wai yana ƙona ƙasa, ni na karɓa na barbaɗa wa gyaɗar. Duk tsawon lokacin nan sau ɗaya ake tuƙa tuwo a gidana.

Damina ta huɗu na mayar da dawa. Kai! Kara ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, zangarniya har tana rinjayarsa. Masu zuwa kasuwa sai su tsaya da jakunansu suna cewa tubarkalla. Ni kuwa, sakarai, baki har kunne.

Ko sussuka ba mu fara ba dattijon ya aiko kirana. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, ɗan'uwanka, ɗan cikina, ya dawo daga haƙar kuza a Riruwai, ƙirji ya hana shi shiga rami. Yana da iyali. Baɗi shi zai noma gonar."

Na ce, "Baba, takin da na zuba fa?"

"Taki ai ya zama ƙasa, ƙasa kuwa ka san mai ita."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya kashe mini jiki ke nan. Wa zan kai wa ƙara? Ko mai unguwa cewa zai yi zanen aro ba ya rufe katara. Ina sunkuye dattijon ya ƙara da cewa ba zai bar ni haka ba, yana da wata ta hanyar Bebeji, in shiga. Na yi godiya, har da durƙuso. Da na je na gan ta, fara fat, ta fi ta farkon mutuwa.

Da bazara ta kawo kai, matata ta nuna mini tokar da ta tara da kashin awaki.

"Maigida, yaushe za a fara kai taki?"

"Bar shi. Ki zuba wa kuɓewarki."

"To me za mu ci?"

"Abin da ta bayar. In ta yi kyau ba tamu ba ce."

Shekara bakwai na noma gonar nan. Na san maganinta sarai, ina ji ina gani wuta-wuta na cinye tuwon 'ya'yana, ban kai mata ko mangala ɗaya ba. Ita kam ba wanda ya taɓa cewa in bar masa.