Ba a Maneji da Ido

A gidanmu babu kalmar da ta kai maneji cin kasuwa. Na taso ina rantsuwa Hausa ce gangariya, irin wadda kakanni suka bari. Sai daga baya na ji wai aro ce daga Turanci, kuma wai can wurin masu ita aikin manya take yi, tafiyar da ofis da kamfani, har daga jikinta manaja ya samo sunansa. To, ko me take yi a can, da ta iso ƙauyenmu da ke gefen Sandamu tuɓe kwat ta yi, ta ɗaura zani, ta shiga madafa.

Idan miya ta yi kaɗan baƙi suka faɗo, Inna ta ƙara ruwa da ɗan barkono, wannan maneji ne. Idan yadi bai kai ba, tela ya gutsuro daga ɗankwali ya cike hannun riga, shi ma maneji ne. Direban da ke jigila zuwa Daura ya cusa ƙarin mutum a kujerar baya ya ce, "Hajiya, a ɗan yi maneji," sai Hajiya ta ja tsaki, amma ta tattare zaninta ta matsa. Ka gaida tsoho ka ce yaya ƙarfin jiki, ya ce ana maneji, wato da sauƙi, amma kada ka zurfafa tambaya. In aka ce mace ta iya maneji an yabe ta ke nan, yabon da uwar miji ba ta cika yi ba. In kuwa ka kawo kuka aka ce je ka yi maneji, to an rufe maka baki ne cikin ladabi. Ni a ganina ƙanwar haƙuri ce. Haƙuri a zuci ake yinsa, ita kuwa da hannu, da zare, da robar tayar keke.

Baba shi ne sarkinta. Manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, amma da an bar shi da zaɓinsa da bakanike ya zama. Yana da wani tsohon babur da in ka kwance roba da wayar da aka ɗaɗɗaure shi da su, abin da zai rage ba zai cika kwando ba. Bokitinmu ya sha faci har facin ya fi bokitin yawa. Kada a zalunce shi, ba rowa ba ce. Shi dai a wurinsa, jefar da abin da ke da sauran numfashi butulci ne ga Allahn da ya ba ka. Kullum maganarsa ɗaya ce, da babu gara ba daɗi.

Ni kuma tun ina ƙarama abin da ke nesa ba ya zo mini da fuska. Na ɗauka haka kowa yake gani. Bishiya a wurina dunƙulen kore ce, mutum kuwa sai ya matso ko ya yi magana nake sanin ko waye. Na sha ranƙwashi a kan rashin gaisuwa, har wata tsohuwa a unguwarmu ta sa mini suna 'yar gwamna. A makaranta allo baƙi ne kawai mai ɗan hazo fari a jikinsa. Daga littafin wadda ke kusa da ni nake kwafa, in ta yi kuskure in kwashe har da shi. Abin da aka faɗa da baki ba ya wuce ni, amma da muka shiga aji biyar rubutun allo ya yi yawa, sai na gangara can ƙasan aji.

Malamar ajinmu ce ta fara lura da yadda nake runtse ido. Ta tare Baba wata rana ya zo wucewa ta ƙofar makaranta, ta ce, "Malam, ina zaton idon yarinyar nan ne. Don Allah a nema mata tabarau."

Baba ya yi murmushin wanda aka tambayi abin da yake da shi. Ya ce, "Tabarau? Ai muna da shi a gida."

Kuma da gaskiyarsa, muna da shi. Kakana ne ya zo da shi daga aikin Hajji, da ya rasu sai ya zama na gida, kamar turmi ko tsani. Baba ya sa shi bayan asuba ya yi karatunsa. Kaka ta sa shi da hantsi ta zura zare a allura. Maƙwabcinmu mai ɗinkin hula ya zo aro in aiki ya ƙi masa. Hannunsa ɗaya ya karye an ɗaure da baƙin zare. Babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa tabarau yana da mai shi. Tabarau tabarau ne, duk idon da ya gaza sai a miƙa masa.

Ina ɗora shi a hancina ƙasa ta taso mini, katangar gidanmu ta narke. Na ce, "Baba, ai ya fi da dishi-dishi."

Ya ce, "Sabo ne ba ki yi ba. Yi maneji, ido zai saba."

Na yi maneji zango guda cur. Da safe in tafi da shi, Kaka ta zauna da allura a hannu tana jiran a tashi makaranta, ina sallama ta ce, "Kawo mini idona." Kaina ya riƙa sarawa, hawaye na zuba ba kuka ba. Ina tafiya ina ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata, 'yan ajinmu suna bina da Hajiya Kaka. Da ma ina iya karanta littafin ta kusa da ni, yanzu shi ma sai na leƙa ta saman gilashin. Da aka yi jarrabawa, sakamakon ya fi na baya muni.

Baba ya yanke hukuncinsa wata la'asar, yana gyaran birkin babur, Inna tana ɓarar gyaɗa. Ya ce, "An ce ido ne, mun ba ta tabarau, har tsohuwa ta haƙura da ɗinkinta. To ashe ba ido ba ne, kan ne ba ya ja. In an koma hutu ta zauna ta kama miki matsar mai. Ba kowa Allah ya yi wa boko ba."

Da faɗa ya yi da na fi jin sauƙi. Cikin tausayi ya faɗa, shi ya sa ta soke ni. Ina son makaranta kamar raina, kuma na san kaina yana ja, amma da wane baki 'yar aji biyar za ta ƙaryata ubanta da tabarau ɗin Makka? Na shiga bayan rumbu na yi kukana na ƙoshi.

Ana cikin hutun nan Goggo ta zo daga Zango. Yayar Baba ce, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ita kaɗai ce a duniya in ta ɗaga murya Baba yake sunkuyar da kai. Ita ma fa ba baya ba ce wajen maneji, macen da ke haɗa guntayen sabulu ta dunƙule su su koma sabo. Ta shigo ta same ni da tabarau a fuska, don har a hutun Baba ya ce in riƙa sawa ko ido ya saba. Na taso in karɓi kayanta, na yi karo da turmi.

Ta ce, "Ke, zo nan. Mene ne wannan a fuskarki?"

Inna ta ba ta labari tun daga farko har zancen barin makaranta. Goggo ta zare tabarau ɗin ta ɗora a nata hancin, ta duba tafin hannunta. Ta ce, "Ikon Allah, ni kam ga zanen hannuna tar." Sai ta miƙe ta je can bakin zaure, ta ɗaga wani abu sama. "Me ke hannuna?"

Na runtse ido iya ƙarfina. Na ce, "Ludayi ne, Goggo."

Takalminta ne ƙafa ɗaya. Ba ta ko mayar da shi ba, da shi a hannu ta jira Baba ya dawo daga masallaci.

Ta ce, "Kai, abin da ya yi wa idon tsohuwa irina daidai shi ka ɗora wa yarinya? Za ka iya sa takalmin nan nawa ka je gona?"

Baba ya ce, "Yaya, ai na sha sa takalmin da ya matse ni, kuma na je na dawo."

"Ƙafa ce wannan, ita tana sabawa. Ido lalacewa yake. Ka yi da bokiti mun yi shiru, ka yi da wannan akwalar babur taka mun yi shiru. Ba a maneji da ido! Gobe Daura za mu, kuma ƙafarka ƙafata, gani ya kori ji."

Washegari muka shiga motar haya. Direba ya cusa mu a baya, ya waiwayo ya ce, "Hajiya, a ɗan yi maneji." Goggo ta watsa masa wani kallo da ya sa bai sake waiwayowa ba har cikin gari.

A asibitin da muka je akwai mai duba ido, wani dattijo mai sanyin magana. Ya zaunar da ni, ya nuna wani farin allo a jikin bango ya ce in karanta. Na ce ban ga komai ba sai wani baƙin abu a sama. Na ji Baba ya yi gyaran murya a bayana. Mutumin ya ɗora mini wani ƙarfe mai nauyi a hanci, ya riƙa zura gilasai yana cirewa, yana tambaya, wannan ko wancan? Can ya zura wani, sai haruffa suka miƙe tsaye a gabana, kowanne da gefensa, baƙi wuluk. Na fara karantowa da ƙarfi tun daga sama, ban tsaya ba, ban yi tuntuɓe ba, har layin da ya ce ya isa haka. Na ƙi tsayawa, na ƙara da na ƙasansa.

Baba ya zaro tabarau ɗin gida daga aljihu ya miƙa masa, a hankali, kamar mai miƙa shaidar da ya san ta mutu. Mutumin ya duba ya ce, "Wannan mai kyau ne, Malam, amma na manya ne, na ganin abin da ke kusa. Ita nesa ce ba ta gani. Kowane ido da nasa." Goggo ta ɓantari goronta tana kallon Baba. Wannan kallon nata ya fi faɗan jiya zafi.

Bayan 'yan kwanaki ni da Baba muka koma a kan babur muka karɓo nawa. A hanyar dawowa na zama abin kallo. Babu rubutun da na bari, na jikin shaguna, na bayan manyan motoci, na allon da ke nuna hanya, duk sai na karanto shi da ƙarfi a kunnen Baba. Ashe bishiya ganye take da shi ɗai-ɗai tun daga nesa. Ashe shanun da ke can cikin fage kowace da launinta. Murna ta cika ni har ina dukan bayansa ina cewa, "Baba, dubi!" kamar shi ne bai taɓa gani ba. Da muka shigo gari na hango tsohuwar nan mai ce mini 'yar gwamna tun daga bakin rijiya, na ƙwala mata gaisuwar da sai da ta dafe ƙirji.

Amma zancen makaranta Baba bai ɗaga shi ba. Goggo ta koma Zango, hutu yana ta ƙarewa, Inna kuma ta fara nuna mini yadda ake juya tunkuza a matse mai. Baba mutum ne da in ya furta magana janye ta yana yi masa nauyi, ni kuma ba ni da ƙarfin halin tambaya. Ga ido ya samu, ga zuciya a rataye. Kullum sai in wanke rigar makarantata in shanya inda zai gani, shi kuwa ya wuce kamar bai gani ba.

Ana gobe za a koma, da hantsi, maƙwabcinmu mai ɗinkin hula ya yi sallama. Baba yana zaure yana ɗaure wani abu a jikin babur, ni ina daga ciki ina shara, ina jin su. Bayan gaisuwa mutumin ya ce, "Malam, na ji an yi sabon tabarau a gidan nan, an ce ƙarfi gare shi. A ɗan ara mini in ƙarasa wata hula, zuwa jibi in dawo da shi."

Na tsaya cak da tsintsiya a hannu. A iya sanina Baba bai taɓa hana maƙwabci aron komai ba, ko garma ce ana tsakiyar huɗa. In ya ce in kawo, to na san matsayina, ni da tabarau mun zama kayan gida.

Na ji ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ɗaga murya yadda har Inna da ke madafa za ta ji, ya ce, "Ga dai na gida nan, ɗauki ka je ka yi maneji. Wancan ba na aro ba ne. Na 'yar makaranta ne, gobe da sassafe za ta da shi."

Na yar da tsintsiyar a tsakar gida, na ruga na ɗebo gawayi na zuba a dutsen guga.